Ranar da Aka Rufe wa Mai Fassara Baki

Ni dai tun ina ƙarami Allah ya hore mini baki. Innata takan ce ko barci nake leɓena ba ya hutawa. Wannan bakin ne ya samo mini muƙami a fadarmu ta Filinge, muƙamin da ba a zaɓe ni ba, ba a kuma naɗa ni ba, na dai zauna a kansa shekara da shekaru: ni ne mai fassara.

Fadar tamu rumfar zana ce a gaban shagon taubashina, ɗan kawuna, wanda ke yi wa mutane cajin waya. Da yake yana da fano mai tara wutar hasken rana a kan rufin shagon, wuta ba ta yanke masa, sai ya aza wata tsohuwar tele a kan tebur cikin rumfar. Nan muke haɗuwa bayan azahar, a hura gawayi, a ɗora shayi, a kunna abin kallo. Wasu fadodin ƙwallo suke kallo, wasu kokawa. Mu namu zanen Japanawa ne mai motsi, wanda ake kira anime.

Ciwon ya kama mu tun muna kolej. Wani ɗan ajinmu ne ya dawo hutu daga Yamai da littattafan manga guda uku, wato labaran Japanawa cikin zane, bangonsu duk ya yage. Muka buɗe su ta hagu kamar yadda lakkwal, wato makarantar boko, ta koya mana, sai muka ga mutum ya mutu a shafin farko, can gaba ya tashi yana cin abinci, a ƙarshe kuma ga shi jariri a goye. Kwana biyu muka yi muna yabon hikimar Japanawa kafin mu gane ta dama ake buɗe littafin, mu da muka yi karatun allo tun ba mu iya ɗaure wando ba. Amma ko a juye, zanen ya tafi da hankalina. Baƙin tawada ne kawai a kan farar takarda, sai ka ga gudu, ka ga zufa, ka ga mutum ya ji kunya. Na ɓata littattafan lissafina da yawa ina kwaikwayo, ban taɓa iya zana hannu ba.

Da aka fara samun anime a faifai, daga baya a kile, ɗan abin ajiyar fim da ake soka wa tele, sai matsala ta taso. Mutanen ciki Japananci suke yi, fassarar kuma rubutun Faransanci ne a ƙasan tele, yana zuwa yana wucewa kamar ana korar sa. Rabin 'yan fada ba su yi nisa a lakkwal ba, wasu ma ba su taka ƙofarta ba. Sai na jawo kujera kusa da tele, ina karantawa ina juyawa zuwa Hausa da babbar murya.

Yau dai zan faɗi gaskiya, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi: rabin abin da nake faɗa nawa ne. In jarumi ya ce wa abokin gabarsa ya matso, ni sai in miƙe tsaye in daki ƙirji in ce, "Ni na rijiya gaba arba'in, mai gajerar igiya shi kwan da ƙishi! Matso in gwada ma!" Rumfa ta ɗauki ihu. A anime na wancan lokacin faɗa ɗaya yakan ci mako guda. Mutum zai tsaya yana kururuwa yana tara ƙarfi tun shayin farko har na uku, gashin kansa na miƙewa, duwatsu na tashi sama. Duk wannan fili nawa ne, ina cika shi da kirari da habaici da zagin da ba ya kai ga uwa. Har mata masu tallar kopto, wato kwaɗon ganye, sukan sauke kwanoninsu su tsaya a bakin rumfa. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin har cikin ƙashina.

Sai zamani ya juya. Aka tura ni koyarwa wani ƙauye cikin Kurfai, sai ranar kasuwa da lokacin hutu nake leƙo gari. Kowane zuwa sai in tarar rumfa ta ƙara yin fili. Ba wai mutane sun daina son anime ba ne, a'a, kowa ya samu wayarsa, ya toshe kunnuwa, ya koma gefe yana kallon nasa. Sababbin da ake yayi kuwa ba sa bar wa mai fassara wurin numfashi. Wuta na walƙiya, launi na zuba, takobi ya gifta sau goma kafin ka ƙifta ido. Kafin in buɗe baki an kashe mutum an wuce. Ƙannenmu kuma sun fi mu Faransanci, ba sa bukatar a tauna musu.

Ni ma a can ƙauye abin da nake so ya sauya ban sani ba. Wanda ya yini da yara cike da aji suna ihu, ba ya neman ƙarin ihu in ya tashi aiki. Na koma son masu tafiya a hankali, waɗanda za a zana tukunya tana tafasa a bar ka da ita, ko iska tana kaɗa ciyawa, kowane sili da tasa lanƙwasa. Na fara lura da hannun mai zane, inda layi ya yi kauri, inda ya sirance, inda aka bar farin fili da gangan. Daga nan girman kai ya shige ni. Na riƙa cewa sababbin duk ƙyalƙyali ne kamar an shafe su da man shanu, da tsohuwar zuma ake magani. A raina kuwa na san wasunsu na da kyau ƙwarai. Haushina dai shi ne ba sa bukata ta.

Taubashina shi ya bi sababbin, kuma ba ya raga mini.

"Kai bawa, tsuhwa ta kama ka," in ji shi. "Mutum shi zamna shina kallon tukunya na tahwasa? Ba ta tahwasa gidanku?"

"Kai ko naka, in anka kashe hitilun nan mi ar rage? Ko hanci ba su zana ma mutum."

Haka muke yi kullum, mu rabu muna dariya. Amma wata ranar kasuwa cikin bazara, zafi kamar ya dafa mutum, ya nuna mini rumfar da haɓa, ba dariya a fuskarsa.

"Diba. Mutum huɗu, ukku na kallon waya. Matata ta daɗe tana roƙon telen ga. Kasuwa mai zuwa in kai mata gida, in cika wurin da kwalayen kaya."

Na san in tele ta tafi, fada ta tafi. Za mu riƙa gaisawa a masallaci da wurin suna, shi ke nan. A rumfar nan na yi samartakata, a nan aka yi mini ba'a ranar da na fara zance, a nan aka raka ni ɗaurin aure. Na roƙe shi yamma ɗaya tak.

Ya yi murmushin mugunta irin na taubasai. "Na ba ka. In mutane sunka zamna tun hwarko har ƙarshe, tele ta tsaya. In sunka watse, kai za ka ɗauke ta bisa kanka ka kai man gida, kuma ta tsakar kasuwa."

Mai hankali da ya zaɓi na faɗa, irin na da, ya zuba kirari ya ceci kansa. Ni taurin kai ya sa na ɗauko wanda na fi so a duniya, wanda na kalla sau huɗu ni kaɗai a ƙauye. Labarin wasu dattawa ne biyu, wa da ƙane, da suka koma gidan uwarsu bayan rasuwarta don su baibaye jinkar ɗakinta kafin ruwa ya sauka. Shi ke nan labarin. Ba takobi, ba aljani. Ina so in nuna wa taubashina mene ne zane, in ga ƙarshen bakinsa.

Mako guda na yi ina aika saƙo, ina bin tsofaffin 'yan fada har gida. Ranar kasuwa kuwa rumfa ta cika, wasu don kunyata, wasu don sun ji labarin ɗaukar tele a ka kuma ba sa so ya wuce su. Cikin waɗanda suka zo har da wani makiyayi da ke saukowa daga wajen Abala duk ranar kasuwa. Ya girme mu da kusan shekara goma. In ya sayar da abin da ya kawo, sai ya zo ya jingina sandarsa a ginshiƙin rumfa, ya sha shayi, ya yi kallo, ya tafi. A tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba. Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman lakkwal.

Na kunna. Ga tsauni, ga hanya, ga dattawa biyu ɗauke da dammunan ciyawa. Suka jingina tsani, suka hau. Wan ya ɗaura igiya, ƙanen ya miƙo ciyawa. Ba wanda ya ce uffan, ƙasan tele fayau ba rubutu. Can ƙauye wannan shirun daɗi yake mini, amma a nan, da idanu talatin a bayana, sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Wani ya yi hamma. Na ji ƙarar ana zaro waya daga aljihu.

Sai na koma ga abin da na iya. Na gyara murya na ce, "Wan ya ce, kai raggo, tun muna yara ba ka iya komi ba sai cin tuwo!" Aka ɗan yi dariya. Na ƙara wuta. Na ƙulla musu rigimar gado, na sa ƙanen ya ce gonar fadama tasa ce, na sa wan ya rantse sai sun je gaban alƙali. Dattawan Allah suna can bisa jinka suna aikinsu, bakinsu a rufe, ni ina nan ina zuba musu tsiya. Dariyar ta riƙa raguwa. Samari biyu suka tashi suka fice. Taubashina ya ɗauko wani tsumma ya fara naɗa mini gammo a hankali, yana nuna wa mutane. Zufa ta jiƙa mini riga, na ƙara ɗaga murya.

"Mushe."

Makiyayin ne. Bai ko dube ni ba, idonsa na kan tele.

"Don Allah yi muna kurum. Mutanen ga ba hwaɗa sukai ba."

Rumfa ta fashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na kalli abin nan sau huɗu, ni da nake koyar da Faransanci, a ce mai bin shanu ne zai gyara mini? Na ce masa, da ɗan zafi, to ya karanta mana da kansa.

"Ni ban iya karatunku ba," ya ce. "Amma maido baya kaɗan. Diba hannunai."

Taubashina ya yi wuf ya karɓe abin latsawa daga hannuna, don duk abin da zai kunyata ni yana maraba da shi. Ya mayar da hoton baya. Makiyayin ya miƙa yatsa.

"Ga wan ya ɗaura igiya. Kun ga ɗaurin? Sako-sako na, iska guda ka kwance shi. Ƙarhin hannu ya ƙare mai. To ku dibi ƙanen. Ya gani, bai ce komi ba. Ya jira sai da wan yaj juya baya, kana yas sa hannu yat tamke. Ga shi kuma can ya sake. Wanda ka hwaɗa da wa nai ba shi suturta shi hakanga."

Muka sa ido. Wallahi haka ne. Mai zanen ya sa yatsun wan suna ɗan karkarwa, layi biyu ko uku ne kawai, in ka ƙifta ya wuce. Ya sa ƙanen ya sunkuyar da kai kamar yana gyara ciyawa, hannunsa kuwa na jan igiya a ɓoye. Sau huɗu na kalla ban gani ba, ni mai yi wa mutane wa'azin kaurin layi. A take na gane dalili. Duk lokacin da mutum biyu suka tsaya tare a tele, idona ƙasa yake sauka yana jiran rubutu. Shekarun fassara sun hore shi haka. Tukunya da ciyawa nakan kalla da kyau don na san ba za su yi magana ba.

Na koma na zauna, na ja bakina na tsuke. Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba.

Lokacin fa bazara ce, kowa a rumfar nan manomi ne ko ɗan manomi, wasu sun yi binne suna jiran ruwa, kullum ido na gabas. Da hoton ya ɗaga sama ya nuna gajimare, sai wani ya ce wannan ba na ruwa ba ne, ya yi fari da yawa. Wani ya ce a duba gindinsa, ya fara duhu. Makiyayin ya ce a bar gajimare a kalli saniyar da ke ɗaure a gefen gidan, ta ɗaga hanci, ta juya wa iska baya, ruwa ba zai kai la'asar ba. Gardama ta kaure kamar a kan gonakinsu ake magana. Wani da sana'arsa ke nan baibaya ya taso har gaban tele yana auna kaurin jinkar da kamunsa, ya ce in dai haka Japanawa ke yi, ɗaki ɗaya zai cinye ciyawar unguwa, amma jikan mutum ma zai kwana a ciki. Ya yaba yadda suke daddale bakin ciyawar da katako, ya ce zai gwada.

Iska ta taso a cikin hoton, ta fizge dami ɗaya ta watsa. Rumfa ta ɗauki salati. Saura kusurwa guda a buɗe, dattawan sun gaji, sama ta yi baƙi ƙirin.

"Ku yi sauri, bayin Allah!"

"Bar wanga, kama can! Can!"

"Ina maƙwabta? Garin ga ba a gayya?"

Ihun ne ya dawo da samarin da suka fita, suka jawo wasu. Mai shayi ya manta butarsa har ta ƙone. Taubashina, mai cewa ba ya kallon tukunya, yana tsaye da gammon da ya naɗa mini a hannu yana murɗa shi, yana ce wa ƙanen ya taka a hankali, ciyawa na da santsi. Ni kuwa ina zaune ina kallon rabi tele rabi mutane, daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ɗigon farko ya faɗi a kan busasshiyar ciyawa, mai zanen ya sa wurin ya yi duhu ɗis, sannan wani, sannan wani. Makiyayin ya gyaɗa kai. Can sai ga mutane sun ɓullo daga ƙasan hanya da tsani biyu da dammuna a ka, maza da mata, suna gudu cikin yayyafi. Rumfarmu ta kusa faɗuwa don tafi. Aka rufe kusurwar, ruwa na dukan bayansu, aka sauko jiƙe sharkaf, aka shiga ɗaki. Ko ɗigo bai zubo ba.

Daga nan maƙwabta suka watse, aka bar dattawan biyu zaune a bakin ƙofa suna kallon ruwa na zuba daga bakin jinka. Wan ya buɗe tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya yi magana. Rubutu ya fito a ƙasan tele, ɗan gajere.

Duk rumfa ta juyo kaina. Makiyayin ne ya tambaya.

"Mushe, mi yac ce?"

Kirari goma suka taso mini a maƙogwaro, kowanne ya fi wani daɗi. Na haɗiye su duka.

"Ya ce, na ga igiyoyin."

Ƙanen a tele ya sunkuyar da kai, wan ya tura masa kofin shayi, hoton ya ja baya ya bar mu da gidan da ruwa. Har rubutun ƙarshe ya gama hawa ba wanda ya motsa. Taubashina ya goge ido da gammon, ya ce hayaƙin gawayi ne, alhali gawayin ya daɗe da mutuwa.

Aka kira la'asar. Mutane suka miƙe suna neman takalma, suna ci gaba da gardama a kan ko tun farko wan ya sani ko daga baya ya gane. Na tsaya ina jiran hukunci. Taubashina ya zare kilen daga tele, ya jefa a aljihunsa maimakon ya miƙo mini.

"Tele na nan," ya ce. "Kasuwa mai zuwa ka kawo wani irin wanga. Amma bawa, in ba a tambaye ka ba, ka riƙe muna bakinka."

Na ce, "To." Ita ma ban ƙara mata komai ba.